Tsakanin fulorin da kulorin, wa ya fi jan ilektaron?

Mai neman sani:
Assalamu alaikum malamai. A jadawalin ilektironegatibiti, wato ma'aunin ƙarfin da atam ke jan ilektaron da shi, sinadarin fulorin ne kan gaba da 3.98, kulorin 3.16. Amma wajen makamashin da atam ke saki idan ya karɓi ilektaron, kulorin na da 349 kJ/mol (ma'aunin makamashin da wani ƙayyadadden adadin atam ke saki), fulorin 328. Ashe ba abu ɗaya ake aunawa ba?

Malamin kemistiri:
Wa alaikumus salam. Ba ɗaya ba ne, ɗan'uwa. Ita 349 ɗin ana auna ta ne idan kowane atam yana shi kaɗai a yanayin gas, ya karɓi ilektaron ɗaya. Ilektironegatibiti kuwa sai atam biyu sun ɗauru suna tarayya a kan ilektaron biyu, sannan a duba wa ya fi rinjayo su gefensa. Shi ya sa ba a bin ta da kJ, lambar kwatance ce da masanin kemistiri Linus Pauling ya fitar a 1932 daga ƙarfin ɗaurin atam.

Fulorin ƙarami ne ƙwarai. Ilektaron bakwai ne cunkushe a zagayensa na biyu, don haka baƙon da ya shigo sai ya sha turi, makamashin da za a saki ya ragu. Amma ƙanƙantar nan ce ke sa ilektaron na tarayya su zauna dab da cibiyarsa, ta riƙe su gam.

Mai aikin lab:
Ƙari kan bayanin Malam, amfanin lambar ilektironegatibiti na wajen ɗebe ta atam ɗaya daga ta ɗayan. Oksijin 3.44, haidirojin 2.20, bambanci 1.24, sai gefen oksijin ya ɗauki ɗan cajin nagatif. Sodiyam 0.93 da kulorin, bambanci 2.23, nan kusan ƙwace ilektaron ɗin aka yi. A yi hattara da ƙa'idar nan ta cewa duk abin da ya haura 1.7 ɗaurin ayon ne, wato irin na ƙwace ilektaron. HF, haɗin haidirojin da fulorin, na da 1.78, amma ɗaurin tarayya gare shi, yana tafasa a kusan digiri 19.5 a ma'aunin Salshiyos.

Malama mai koyarwa:
Inda ɗalibai suka fi faɗuwa shi ne mantawa da siffar molekul, wato atam ɗin da suka ɗauru wuri guda. Kabon 2.55 ne, bambancinsa da oksijin 0.89, amma CO₂, kabon ɗaya tsakanin oksijin biyu, miƙaƙƙe ne, jan dama ya soke na hagu. Ruwa kuwa a lanƙwashe yake da kusurwar digiri 104.5, jan bai soke ba, shi ya sa yake narkar da gishiri. Ka zana siffar tukuna kafin ka yanke hukunci kan ko caji ya karkata gefe ɗaya.