Hatimin faifai: neman sunan Hausa ga aikin ƙarshe na haɗa faifan bidiyo

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu sana'ar ɗaukar bidiyo da masu shagunan kwamfuta na garin Bauchi da kewaye. Kalmar da nake so mu tsayar wa Hausa a wannan zaren ita ce "finalize", wadda na'urorin naɗar DVD da manhajojin kwamfuta suke rubutawa, yaran shago daga Wunti har Yalwa su ce "fainalaiz" su wuce, mai kawo aiki bai san me aka ce ba. Bukatar aiki ce ta kawo neman. Mutum ya biya kuɗi an ɗaukar masa walimar saukar Alƙur'ani ko ɗaurin aure, an gwada masa faifan a shago ya gani da idonsa, amma da ya kai gida ko ya aika wa dangi a Azare, sai na'ura ta yi ta juya shi tana gurnani, daga bisani ta rubuta cewa babu faifai a cikinta. Sau da yawa wannan aiki guda ne aka tsallake, kuma mai faifan ba shi da yadda zai tambaya a kai, tunda abin ba shi da suna a bakinsa.

Kafin a raɗa suna, ya kamata a san abin da ake raɗa wa. Sabon faifan DVD-R ko DVD+R, mai cin gigabait 4.7, yana da siririn rini a tsakanin robobinsa biyu, hasken leza ne yake bi yana ƙona ɗigo-ɗigo a jikin rinin, daga gefen ramin tsakiya yana kewayawa zuwa baki. Idan na'ura ta gama zuba bidiyon, tana iya barin faifan a buɗe don a ƙara wani abu gobe. Aikin da muke magana a kai shi ne rubuta jadawalin abin da ke ciki a farkon faifan da kuma shata iyaka a ƙarshensa. A na'urar naɗa ta kan tebur da kyamarar da ke ɗauka kai tsaye a kan ƙaramin faifai, a lokacin ne ma ake rubuta shafin zaɓi da fayilolin da ke yi wa na'ura jagora. Na'urar da ta rubuta faifan za ta karanta shi ko ba a yi wannan ba, domin ta san inda ta tsaya. Ta falo kuwa jadawalin take nema, idan ba ta same shi ba sai ta ɗauka fanko aka sa mata. Da zarar an yi shi, faifan DVD-R ya daina karɓar ƙari ko da rabinsa kawai aka cika. Ke nan kalmar da za mu zaɓa sai ta ɗauki ma'ana biyu a lokaci guda: an hana ƙari, kuma an sa abin ya karɓu a wurin wanda ba shi ya rubuta ba.

Shawarar farko da aka kawo ita ce "kammalawa", kuma ita ce ƙamus zai bayar. Ban goyi bayanta ba, saboda duk yaron da ya ga kwamfuta ta turo faifai waje zai rantse ya kammala, kuma bai yi ƙarya ba. Idan ka tambaye shi ko ya kammala, amsarsa ba za ta gaya maka komai ba. Tun daga Windows Vista, idan aka sa sabon faifai kwamfuta takan tambaya ko za a yi amfani da shi kamar filashi ne ko kuwa don na'urar CD da DVD, kuma wanda ya ɗauki zaɓin farko zai ga fayilolinsa sun hau lafiya lau, alhali ya samar da faifan da yawancin na'urorin gida ba za su kula shi ba. Shi ma a ganinsa ya kammala.

"Rufewa" ta fi kusa, sai dai a shago abubuwan da ake rufewa suna da yawa, daga bakin na'ura zuwa kwalin faifai zuwa manhajar kanta. "Naɗewa" ta faɗi tun da wuri, domin gidajen rediyo sun riga sun ba "naɗa" aikin ɗaukar murya.

Wadda ta fi samun magoya baya ita ce "kullewa", kuma wani dattijo da ya fara wannan sana'a tun zamanin kaset ya kare ta da hujja mai kyau, cewa gajera ce, tana da aikatau, kuma abin da aka kulle ba a ƙara masa komai. Na ce masa, Baba, rabin ma'anar ta kama, amma ta juya wa ɗaya rabin baya. Idan ka ce wa uwar amarya an kulle mata faifai, abin da za ta fahimta shi ne an hana ta kallo ko an hana a kwafa wa 'yan uwa, alhali aikin nan shi ne yake buɗe wa faifan ƙofar kowane gida, kuma ba ya hana kwafi ko kaɗan. Akwai kuma kulle na gaske a harkar DVD, wato lambar yanki da kamfanonin fina-finai suke sa wa faifansu, inda Najeriya take a yanki na 5, Amurka a na 1. Gara a bar wa wancan kalmar "kullewa", tunda shi ne yake hana faifai aiki a wata ƙasa, kuma faifan da aka haɗa a gida galibi ba ya ɗauke da shi.

Abin da nake ba da shawara shi ne "hatimi". A ce an buga wa faifai hatimi, a ce faifai mai hatimi da marar hatimi. Takardar da hakimi ya buga wa hatimi ba a ƙara rubutu a ƙasanta, kuma da hatimin ne take karɓuwa a garin da ba a san magatakardan da ya rubuta ta ba. Ma'anonin nan biyu da muke nema suna cikin kalmar tun asali, ba mu ne muka cusa mata ba. An yi mini gyara cewa wani zai zaci takardar da ake mannawa a bayan faifai ake nufi. Gyaran yana da ƙarfi, amma wancan sunansa lakabi ko sitika a bakin kowa, kuma dama ina roƙon a daina manna ta, domin idan ta karkace ko zafi ya ɗaga gefenta takan sa faifai rawa a cikin na'ura. Alƙalamin maka mai taushin baki ya wadatar.

Sai dai kada sabon suna ya sa mu ɗora wa hatimi laifin da ba nasa ba. Faifai yana iya samun hatimi ya kuma ƙi aiki idan fayil ɗin MP4 aka kwafa a kansa yadda yake, domin faifan bidiyo na ainihi yana bukatar a mayar da hoton zuwa MPEG-2, a jera shi cikin jakar VIDEO_TS da fayilolinta na VOB da IFO da BUP. Wannan aiki ne daban, manhajoji irin su DVDStyler ne suke yin sa, kuma "tsara faifai" ta ishe shi suna. A wurin tsarawar ne ake zaɓar PAL, wanda shi ne tsarin talabijin na ƙasar nan, mai hoto 25 a daƙiƙa da girman 720 da 576, maimakon NTSC na Amurka. Nau'in faifan ma yana da tasiri: DVD-R ya fito a 1997 daga kamfanin Pioneer, DVD+R bai zo ba sai 2002, saboda haka tsohuwar na'ura takan fi sabawa da na farkon. Faifai mai araha da aka ƙona da gudun 16x shi ma yakan riƙa sarƙewa, musamman wajen ƙarshe, don haka masu haƙuri suke saukowa zuwa 4x ko 8x.

Idan kalmar ta zauna, tambayoyin mai karɓar aiki sun zama uku a jere: an tsara shi, an ƙona shi a hankali, an buga masa hatimi? Kalmar tana kuma ba mu kishiyarta a sauƙaƙe, domin faifan DVD-RW da ake gogewa a sake rubutawa, wasu na'urori suna iya "cire masa hatimi" a ci gaba da naɗa, shi kuwa DVD+RW galibi ba ya bukatar hatimin ma. Ina roƙon 'yan uwa na Gombe da Misau da Jama'are su gwada ta a kan masu kawo musu aiki, su dawo mana da yadda aka fahimce ta, musamman a wurin dattawa da mata, waɗanda su ne suka fi ajiye faifan biki.