Da gaske laifi ya ragu a New York, ko biro ne ya rage shi?

Malam Habu: Jama'a, ni fa ban yarda da kurin 'yan sandan New York na cewa sun rage laifi ba. Tun da Bratton, shugabansu na lokacin, ya kawo CompStat a 1994, wato tsarin auna aikin 'yan sanda da alƙaluman laifuka, ake titsiye kowane shugaban caji ofis a gaban manya kan alƙaluman yankinsa. Wanda ƙarin girmansa ya rataya a kan lamba, ai lambar zai gyara.

Barista Zainab: Malam Habu, a yi adalci. Kisan kai a birnin ya haura 2,200 a 1990, a 2017 bai kai 300 ba. Gawa ba ta ɓoyuwa a durowa, asibiti na da nasa lissafin.

Malam Habu: Wa ya yi maganar gawa, Barista? Ɗan sanda Adrian Schoolcraft ya naɗi muryoyin shugabanninsa a ɓoye a ofishi na 81 a Brooklyn, 2008 zuwa 2009. Babban laifi a rubuta shi ƙarami, mai kawo ƙara a yi ta yi masa jeka-ka-dawo har ya haƙura. Da ya tona, abokan aikinsa suka shiga gidansa suka kai shi sashen masu taɓin hankali, ya kwana shida. Binciken rundunar da kanta ya gaskata shi, birnin ya biya shi dala 600,000 a 2015.

Isiyaku: Ofis ɗaya fa kenan, Malam.

Hajiya Rabi: Ina fa ɗaya, ƙanena! A 2014 jaridar Los Angeles Times ta gano manyan laifuka kusan 1,200 da 'yan sandan Los Angeles suka mayar ƙanana cikin shekara guda. A shekarar nan dai masu sa ido kan 'yan sandan Ingila da Wales suka ce kashi 19 cikin 100 na laifukan da aka kai ƙara ba a rubuta su ba. Na fyaɗe da makamantansa kuwa kashi 26.

Barista Zainab: Na yarda an yi maguɗi, Hajiya. Amma a Ingilar, binciken da ake bi gida-gida ana tambayar mutane, wanda ba ya bi ta hannun ɗan sanda, shi ma ya nuna raguwa tun tsakiyar shekarun 1990. Ragin gaskiya ne, gishiri aka ƙara masa.

Hajiya Rabi: Gishirin nan ƙarar wata ce. Abin da ba a shigar a littafi ba, ba mai bincikensa, wanda ya aikata yana nan yana yawonsa a unguwa.

Isiyaku: To Malam, ka janye cewa ragin ƙarya ne?

Malam Habu: Na bar wa Barista kisan kai. Fashi da duka kam, sai wanda ba ɗan sanda ba ya ƙirga mini.