Jama'a a taya ni da suna: rigar da ke kama tasha

Wai me za mu kira irin kayan nan da masu zane na waje ke yi, riga ko hula ko gyale da aka yi wa surfani da zaren ƙarfe, azurfa ko jan ƙarfe, shi kanshi ɗinkin ne eriya? Su weyarabul suke ce wa duk abin da ake sawa a jiki mai lantarki, har agogon waya, to ni wannan kalma ta yi min faɗi kuma ba ta zauna a baki.

Akwai wata 'yar Girka Afroditi Psarra da ke irin wannan aikin, ta ɗinka eriya a jikin kaya tana kamo siginar tauraron ɗan adam na hasashen yanayi, wanda ke aikowa a wajen megahaz 137 a ma'aunin tashar rediyo, sama kaɗan da FM ɗinmu da ke tsakanin 88 zuwa 108, sai ta mayar da abin sauti ko zane, kai da ke sanye da rigar in ka juya ƙarar ta canza.

Wani ɗalibin injiniya a jami'ar ATBU Yelwa da ke Bauchi ya ce rigar eriya kawai. Na ce ƙanena ai ba kullum riga ba ce, in hula ce fa? Wata Hajiya mai ɗinki a Wunti ta ce surfanin iska, wallahi ya yi daɗi amma ku ma kun san inda tunanin mutane zai tafi in aka ce iska, a bar shi.

Ni dai ina kan zango. Kowa ya tashi yana jin gajeren zango da matsakaicin zango a rediyon babansa, kalmar tana nan ba sai an ƙirƙiro ba. Don haka kama-zango. Hula kama-zango, gyale kama-zango, riga kama-zango, duk ya hau. Wani ya ce za a ɗauka zangon fatake ake nufi, eh to, amma da ka haɗa da kama an gane.

Sai dai fa kala biyu ne, akwai wanda ba kamawa yake ba tarewa yake, yadin da aka saƙa da ƙarfe sosai ka jefa waya a aljihunsa ka rufe, a kira ta a ji ba ta shiga, dabarar kejin Faraday ce, wato kejin ƙarfe mai tare sigina, tun 1836. Wannan ba za a ce masa kama-zango ba. Wani malaminmu daga Gombe ya ce sulke, tunda shi ma saƙar ƙarfe ce kamar ta mahaya dokin hawan sallah. Allah ya ƙara sani Malam, sulken sabis, na karɓa.

Saura sunan zaren shi kanshi. Zaren wuta aka kawo amma teloli sun ce kwastoma zai ɗauka jansa zai yi, ku kawo wani.