Neman kalma: ciwon dunduniyar nan na takun farko, wane suna za mu ba shi?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kalma ɗaya ce ta hana ni sukuni. Yayata malamar firamare ce, wuni take a tsaye gaban allo. Wata huɗu ke nan, in ta sauko daga gado da asuba za ta yi alwala, sai ta ji kamar ta taka ƙusa da dunduniyarta ta dama. In ta ɗan zagaya tsakar gida ya lafa, in ta daɗe a zaune ta miƙe ya dawo sabo. Likita ya rubuta mata "plantar fasciitis" a kati, ya ce ta sauya takalmi. Ta kira ni ta ce, "Ƙanena, wannan mene ne da Hausa?" Na rasa amsa, kuma abin ya yi mini ciwo, domin kafin ta je asibiti an riga an ce mata sanyi ne, ta sha jiƙe-jiƙe har ta gaji.

Ga yadda abin yake. A ƙarƙashin tafin ƙafa akwai wani zare mai faɗi da kauri, ya taso daga ƙashin dunduniya ya bazu zuwa gindin yatsu. Shi ke riƙe da lanƙwasar nan ta tsakiyar ƙafa, wurin da ba ya fitowa a sawu in mutum ya taka ƙasa da jiƙaƙƙiyar ƙafa. Doguwar tsayuwa, ƙiba, ko tafiya a kan siminti da takalmi marar kauri su ke gajiyar da shi a daidai inda ya manne da ƙashi. Ya fi kama 'yan shekara 40 zuwa 60.

Da na nemi shawara kan sunansa da Hausa, wasu sun ce a bar shi a "ciwon dunduniya". Ya yi faɗi. Faso ma ciwon dunduniya ne, ciwon agara ma haka.

Wata 'yar'uwa ma'aikaciyar jinya ta kawo "kumburin jijiyar tafin ƙafa". Na gode, Malama, fassarar ta bi asalin kalmar daidai, amma ina da ja a wuri biyu. Jijiya a bakinmu ta ɗauki kaya da yawa: ta jini jijiya ce, ta laka jijiya ce, wadda ke maƙalewa a haƙori in ana cin nama ma jijiya ce. Ka ce wa dattijo jijiyarsa ta kumbura, hawan jini zai fara tunawa. Kumburin kuma su kansu likitoci ba su gamsu da shi ba. A 2003 Harvey Lemont da abokan aikinsa a Amurka sun duba naman da aka yanko daga masu wannan ciwo, suka tarar zaren lalacewa yake yi yana tsintsinkewa, ba kumburi ba ne. Kuskuren da masu kalmar ke ƙoƙarin gyarawa, bai kamata mu jawo shi cikin Hausa ba.

"Ƙayar dunduniya" ta yi daɗin faɗa, sai dai za ta rikice da ɗan tsiron ƙashin dunduniya da hoton asibiti ke nunawa, alhali mutane da yawa suna da tsiron nan ba sa jin komai.

Abin da na tsaya a kai shi ne tsirkiya. Lanƙwasar ƙafa baka ce irin ta harba kibiya, zaren da ya ɗaure bakinta biyu kuwa tsirkiya. In nauyi ya danne baka tana neman miƙewa, tsirkiya ce ke shan ja. Ku gwada yanzu: ku ja babban yatsan ƙafa sama da hannu, ku shafa tafin, za ku ji ta ɗame. Wani likitan Ingila, J. H. Hicks, ya bayyana wannan ɗamewar tun 1954. Don haka na ce bakan ƙafa, tsirkiyar ƙafa, ciwon tsirkiyar ƙafa. Malam da ya ce yaran yanzu ba su san baka da kibiya ba, ai sun san gurmi da goge, su ma tsirkiya gare su.

Dalilin da ya sa na fi son ta shi ne sunan da kansa yana raka mutum kasuwa. Da na ce wa Yaya tsirkiyarta ce ta gaji, ba sai da na yi dogon bayani a kan silifas ba. Ita ta ce, "Ashe baka nake bari tana baje wa ƙasa." Takalmin da take buƙata sai yana da ɗan tudu a ciki wanda zai tokare bakan. Wannan na kira shi tokarin baka. Bayan takalmin da ke rungumar dunduniya, wanda nake kira ƙeyar takalmi, in ka matsa shi da yatsa biyu kada ya lotsa. Ka kama takalmin ka murɗa, in ya murɗu kamar tsumma ka ajiye. In ka lanƙwasa shi, a wajen yatsu kawai ya kamata ya karye, ban da tsakiya. Dunduniyar ta ɗan fi gaba tudu kaɗan, da laushi a ƙarƙashinta. Kambas mai kyau yakan cika waɗannan, amma ba kowane ba, don haka hannu ne alƙali. A gwada da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan cika, a bar faɗin babban yatsan hannu a gaba.

Abin da ya fi damuna cikin gida ne. Muna cire takalmi a ƙofar ɗaki, sai a wuni ana taka tayil da ƙafa tsirara. Yaya ta ware sandal mai tokari na ɗaki kawai, ta ajiye a gindin gado, kuma kafin ta sauko takan ja yatsunta sama na ɗan lokaci. Yawanci ciwon kan warke cikin watanni ba tare da tiyata ba. Mai ciwon suga, ko wanda ke jin ƙafarsa na mutuwa, ya koma wurin likita kafin ya je wurin mai takalmi.

Saura kalma ɗaya. Abin nan da ake saya daban a zura cikin takalmi, na rubuta "shimfiɗar takalmi", amma tana kawo mini tabarma a rai, ba ta nuna tana tallafar komai. Masu ɗinkin takalmi na Kano da Zinder, me kuke kiransa a rumfa?