Kwas ɗin numerikal: littafi zan saya ko MATLAB zan fara koya?

Sabon Shiga: Assalamu alaikum. Zango mai zuwa zan ɗauki numerikal analisis, wato dabarun warware lissafi da kwamfuta, kuma da manhajar lissafi ta MATLAB ake aikin kwas ɗin. Ina ɗan taɓa yaren kod na Python, amma a lissafin matiriks ban da ƙarfi. Kuɗin abu ɗaya gare ni: littafin numerikal na Burden da Faires ko lasisin MATLAB?

Injiniya: Wa'alaikumus salam. Koyi yaren kod na Julia kawai. Tun 2012 ta fito, ga sauri.

Malamar Lissafi: Ya ce da MATLAB za a yi kwas ɗin, Injiniya. Ƙanena, fara da matiriks. Laccocin matiriks na Farfesa Gilbert Strang na jami'ar MIT kyauta suke a intanet. In ba ka gane abin da ya sa ake musanya layuka a hanyar Gauss ta warware lissafi da matiriks ba, babu manhajar da za ta cece ka.

Tsohon Ɗalibi: Ni ku bar ni da zancen lasisi. Da na makaranta na rubuta aikin digirina gaba ɗaya. Ana gab da kare aikin, sashenmu bai sabunta ba, kuma ba wanda ya sanar da mu. Na koma Octave, manhajar kyauta mai kama da MATLAB, yawancin kod ɗin ya tashi, amma ɓangaren da ya dogara da wani tulbos, wato ƙarin kayan aikin MATLAB da ake saya daban, ya ƙi. Na kai kuka wajen mai duba aikina, ya ce ai shi da tsohon yaren kod na Fortran ya yi nasa, in je in sake. Haka na rasa zama ɗaya, abokaina suka fita suka bar ni.

Injiniya: Subhanallahi. Amma ai lasisin ɗalibai ba tsada.

Tsohon Ɗalibi: Ba tsada a aljihun wa? Sai ka ƙara tulbos za ka sani.

Mai Leƙe: Mu kyauta makaranta ta ba mu. Ka tambayi sashenku kafin ka biya.

Malamar Lissafi: Littafin Cleve Moler, wanda ya ƙirƙiro MATLAB, shi ma kyauta yake a shafin kamfanin MATLAB.

Injiniya: Malama, ku koyarwa kuke yi, mu muke aiki da abin a ofis.

Malamar Lissafi: To a ofis ɗin, me ke ƙarƙashin NumPy na Python da MATLAB ɗin in ba LAPACK ba, wato tarin kod na lissafin matiriks? Da Fortran aka rubuta shi.

Ɗan Raha: Ni tun ranar da kwamfuta ta ce min 0.1 + 0.2 ya zama 0.30000000000000004 na daina ba ta ajiyar kuɗi.

Tsohon Ɗalibi: Abin haushin ma, duk wannan wahala, ranar jarrabawa da biro da kalkuleta za a sa ka zagaya hanyar Newton, wadda ake maimaita lissafi har a kusanci amsa, har sau biyar.

Mai Leƙe: Mu kod aka sa muka rubuta a takarda, aka rage min maki saboda waƙafi!

Sabon Shiga: Na gode, yayyena. To littafin fa, in saya?

Ɗan Raha: Waƙafi ɗaya maki nawa ya ci?