Neman kalma: wasan da ake ƙarawa idan an yi kunnen doki a ƙarshen kaka

Mai gabatar da shiri: Assalamu alaikum, malamai. Ranar Juma'a zan gabatar da shirin tarihin wasanni a rediyo, kuma kalma ɗaya ta hana ni ƙarasa rubutun. A gasar besbol ta Amurka ta 1951, New York Giants da Brooklyn Dodgers sun kammala kaka kowacce ta ci wasa 96, an cinye ta 58, bayan Giants ta cike tazarar wasa 13 da aka ba ta a watan Agusta. Sai aka ƙara musu wasa uku, duk wadda ta ci biyu ita ce zakarar National League, wato rukunin gasar da suke ciki. Me zan kira wasannin nan?

Tsohon ɗan jarida: Wa'alaikumus salam. Ka ce wasan cike gurbi, kunnen masu sauraro ya saba da shi.

Malamar Hausa: Gafarta Alhaji, cike gurbi neman shiga gasa ne, waɗannan kuwa kambu suke nema. Sili ɗaya ƙwale ma bai dace ba, tunda Giants ta ci na farko, aka lallasa ta 10 da nema a na biyu, amma ba a fitar da ita ba. Ni ina ganin wasan raba gardama ya fi.

Mai nazarin harshe: Malama, na daɗe ina cewa wasan kece raini ne sunan. A wasa na uku, ranar 3 ga Oktoba a filin Giants na Polo Grounds, Dodgers na gaba da 4 da 2 a zagaye na tara, wato na ƙarshe, sai Bobby Thomson na Giants ya maka ƙwallon da Ralph Branca na Dodgers ya jefo ta faɗa cikin 'yan kallo, bugun ya ba Giants maki uku, ta ci wasan 5 da 4. Tsakanin maƙwabta biyu na birni ɗaya, wato New York, wannan ai raini aka kece.

Ɗan Damagaram: Mu a nan masu kallon ƙwallo baraj suke cewa, kowa kuma yana ganewa.

Mai nazarin harshe: Baraj Faransanci ne, ɗan'uwa. Ko besbol ɗin ma ban yarda da ita ba, ga ƙwallon gora muna da ita.

Ɗan Damagaram: Malam, kuna cewa fenariti da kofi babu mai tankawa, sai aronmu ne laifi? Hausar Nijar ba ƙanwar ta kowa ba ce.

Malamar Hausa: Ku yi haƙuri mu koma kan bukatar mai tambaya. Kece raini yana bayyana zafin wasa, amma ba ya nuna cewa kunnen doki ne ya haifar da shi, kuma ana iya kece raini ko a tsakiyar kaka.

Mai gabatar da shiri: Na gode. Zan ce wasannin raba gardama, in bayyana kunnen dokin tun farko. Besbol kuwa zan bar ta yadda take.

Mai nazarin harshe: To, na bi, amma wasa na uku dai ka kira shi na kece raini.