Don Allah ku taimaka, ƙwayayen fitilata sun ƙi haske kuma na ƙona LED biyu

Ɗan SS2:
Slm yayye da malamai. Ina neman shawara a kan aikin fiziks da aka ba mu, a haɗo sakit mai ƙwan fitila uku ranar Litinin. Na sayi batir biyu masu bolt 1.5 irin na tocila, na jera ƙwayayen a waya ɗaya, wannan na bin wannan, to wlh hasken kamar garwashin da ya kusa mutuwa, kuma da na cire ɗaya sai duk suka mutu, alhali a gidanmu in ƙwan falo ya ƙone na ɗaki bai san ma ana yi ba. Na ce bari in gwada LED, ɗan ƙaramin ƙwan nan mai ƙafa biyu, da batir mai bolt 9, ya yi wal sau ɗaya shi kenan, na biyun ma haka. Abokina ya ce wai ƙarfin batir ne bai isa ba, in jona a soket kawai. A ina nake kuskure?

Wata anti:
Ɗana don girman Allah kar ka kai hannu soket, kar ka saurari abokin nan naka. Wutar gida bolt 230 ce, kuma karan, wato gudun wuta da ake aunawa da amfiya, ko da bai wuce kashi ɗaya cikin goma na amfiya ba in ya bi ta ƙirji yana iya tsayar da zuciya. Ka tsaya a batir ɗinka, masana za su zo su yi maka bayani.

Malamin fiziks:
Wslm. Ka ji maganar antinka. Abin da ka yi ba kuskure ba ne, haɗin jere ka yi, wanda muke ce wa siris a aji, kuma halinsa kenan. Ka ɗauki batir kamar tankin ruwa da aka ɗora a sama, tsayin tankin shi ne boltej, ruwan da ke gudu a fayif shi ne karan, shi kuma ƙwan fitila wani matsattsen wuri ne a fayif ɗin, wato turjiya da ake aunawa da om. Kai fayif ɗaya ka yi mai matsatsi uku, dole ruwa ya ragu, kuma in ka yanke shi a ko'ina komai ya tsaya.

Yanzu ɗauko biro. Batir biyu a jere bolt 3 kenan. A ce kowane ƙwai om 6 ne. Dokar Ohm, wani Bajamushe Georg Ohm da ya wallafa ta a 1827, ta ce karan shi ne boltej a raba da turjiya. Ƙwai ɗaya: 3 a raba da 6, amfiya 0.5. Uku a jere turjiyarsu tarawa ake, om 18, karan ya faɗo kusan 0.17, kowane ƙwai bolt 1 kacal ya samu. Ka ga dalilin garwashinka. A zahiri turjiyar zaren ƙwai tana ƙaruwa in ya ɗau zafi, don haka in ka auna ba zai zo cif-cif ba, amma a takardar WAEC haka za ka lissafa.

Mai wayarin:
Malam ya gama magana, ni dai bari in faɗa maka yadda muke yi a gidaje ƙanina. Ba ma jera kaya a layi ɗaya, kowane ƙwai da fanka da soket reshensa daban muke cire masa daga manyan wayoyin biyu, shi ne faralal ɗin da ake koya muku. Kai ma haka za ka yi, ka ja waya ɗaya daga kan batir mai alamar tarawa, ɗaya daga gindinsa, ka shimfiɗa su kamar layin dogo, sai ka ɗora kowane ƙwai a tsakani ƙafa ɗaya nan ɗaya can. Kowa zai sha bolt 3 ɗinsa cikakke, ka cire ɗaya sauran na ci. Amma ka sani batir zai mutu da wuri don yanzu kusan amfiya 1.5 ake zuƙa. Kuma ka kankare bakin wayar sosai, yawancin aikin da ake kirana a kai lus ɗin haɗi ne kawai. Kar ka bari wayoyin biyu tsirara su taɓa juna, shot kenan, waya za ta yi zafi batir ya tafi a banza.

Ɗan SS2:
Allah ya saka da alheri, na canza yanzu-yanzu kuma ukun sun kama tar! To malam LED ɗin fa, me ya kashe su?

Mai haɗa sola:
Karan ne ya yi musu yawa. Jan LED kusan bolt 2 yake so da miliamfiya 20, wato amfiya 0.02, kuma shi ba ya iya tare wa kansa wuta, in ka ba shi bolt 9 kai tsaye zai ta zuƙa har ya ƙone. Sai ka sa masa rezista a jere, wato ɗan abin da ke ƙara turjiya ya rage karan. Cire 2 daga 9 saura 7, raba da 0.02, om 350. Je wajen masu gyaran rediyo ka ce a ba ka rezista mai om 470, kalolin jikinta rawaya, shanshanbale, ruwan ƙasa, hasken zai ɗan ragu amma ba zai ƙone ba. Doguwar ƙafar LED ita ke zuwa ɓangaren tarawa, in ka juya ba zai kama ba.

Malamin fiziks:
Ka kai duka biyun makaranta, na jere da na reshe, a kan kwali ɗaya, ka sa makunni a kowanne. In malaminku ya ba ka mita, amita mai auna karan a cikin layi ake saka ta, boltmita mai auna boltej kuma a kan ƙafafu biyu na ƙwai. Ka rubuta abin da ka auna a kowane haɗi ka turo mana mu duba kafin Litinin.